Ko a'a ce, ku faɗa mana

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya cika mini ciki. Fannin akanta na karanta, shekara 3 ke nan da gama bautar ƙasa. Wani kamfani a Abuja ya kira ni intabiyu, sau 3 ina zuwa. Na farko jarabawa ce a kwamfuta, na biyu gaban mutum 4, na uku gaban shugabar sashen kuɗi, wadda har ta tambaye ni yaushe zan iya fara aiki. Duk zuwa sai na bar gida a Jos bayan sallar asuba, mu gangara Hawan Kibo, mu bi ta Akwanga da Keffi, in kwana wurin abokina a Mararaba, gari na wayewa in shiga cunkoson Nyanya don kada in makara. Kuɗin zuwa na ƙarshe, mahaifiyata ce ta roƙi a ba ta ɗaukar adashinta kafin lokaci ta miƙa mini.

Suka ce cikin mako 2 za su neme ni. Yau mako 11. Na tura imel sau 4, na kira lambar matar da ta gayyace ni, tana shiga ba a ɗauka. Na aika saƙo ta WhatsApp, na ga alamar an karanta, shiru. Wallahi ba rashin aikin ne ya fi ci mini rai ba. Kullum na shigo gida Mama za ta dube ni ta ce, "Sun kira?" Ba ni da eh, ba ni da a'a. A cikin jiran nan wata makaranta ta ba ni koyarwa na ce su yi haƙuri, ina tsoron in karɓa a kira ni Abuja in bar yaran mutane a tsakiyar zango. Don Allah masu aiki a irin waɗannan ofisoshin, mene ne wahalar rubuta layi biyu a ce ba a ɗauke ka ba?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Tunatarwa kafin a fara: kada a kama sunan kamfani ko na mutum, kada a saka lambar wayar kowa. A yi magana a kan matsalar.

Malamin Bauchi Road: Ɗan'uwa, kai har ka ga fuskarsu. Ina da littafi da nake rubuta duk inda na tura takarduna, daga Jobberman zuwa LinkedIn zuwa wanda aka turo a zaurukan WhatsApp. Bara na tura 63. Amsa 5 na samu, 3 daga ciki na'ura ce ta turo cewa an karɓa. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a kan naira 38,000.

Ƙanwa daga Unguwar Rogo: Malam, ba naira 70,000 ba ne mafi ƙarancin albashi tun 2024?

Barista: Haka ne ƙanwata, an sa wa dokar hannu a watan Yulin 2024. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da shaguna da yawa ta nan suke zillewa.

Anti 'yar Kubwa: Ɗan Gangare, ƙanena, sannu. Na karanta rubutunka sau biyu kafin in iya amsawa, domin ni ina cikin mutanen da kake magana a kansu. A Rikkos aka haife ni, amma shekara 9 ke nan ina sashen ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiya a Abuja. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, ba don in wanke kowa ba.

Idan muka tallata gurbi ɗaya, takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin mutum biyu ko uku da ke ofishin. Wurare da yawa manhaja ce ke fara tacewa, tana neman kalmomin da ke cikin tallar, wanda ba ta gani a takardarsa ba ta ajiye shi gefe, ɗan Adam bai ma buɗe ba. Wannan shi ne amsar Malamin Bauchi Road. Taka daban ce, tunda ka kai zagaye na uku. Wanda ya kai nan aka yi masa shiru, yawanci ɗayan abu uku ne. Ko dai kai ne na biyu, an ba na farko takarda, ana riƙe da kai ko da zai ƙi ko ya gudu cikin watannin gwaji. Ko kuma kuɗin gurbin ne ya tsaya. Ka tuna farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta USAID, ƙungiyoyi da dama a Abuja sun tsayar da ɗaukar aiki a rana ɗaya, wasu har waɗanda ke ciki aka sallama. Na uku shi ne wanda ba ma son faɗa: tun farko akwai wanda aka tanadar wa kujerar, an yi talla da intabiyu ne don fayil ya cika.

Matar da ba ta ɗaukar wayarka, mai yiwuwa ita ma ba ta da abin da za ta ce maka. An hana ta cewa eh, an hana ta cewa a'a.

Ɗan Gangare: Na gode Anti, Allah ya saka. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Idan ba ta da eh ba ta da a'a, ai tana da "har yanzu ba a yanke ba". Wannan ma magana ce. Da na ji ta, da na san yadda zan yi da makarantar nan. Kuma idan ni ne na biyu ana riƙe da ni, da kuɗin wa ake riƙe ni? Su ba su kashe ko sisi ba, ni ne nake biya da kwanakina.

Anti 'yar Kubwa: Ba ni da ta cewa a nan. Gaskiyarka ce. Wanda ya turo takarda kawai, zan iya kawo uzurin yawa. Amma wanda muka kira ya taso daga wata jiha, ba su wuce mutum 5 ko 6 ba, minti 10 ya isa a rubuta musu duka. Na sha yin faɗa a kan wannan a ofis. Abin da ake ce mini shi ne kada a rufe ƙofa. To ƙofar tamu ce a buɗe, ta yaron mutane kuma muka danne.

Mai Tumatir, Farin Gada: Ni fa ina ganin mu ne muke ba su fuska. Ina da digiri a fannin tattalin arziki. Shekara 2 na yi ina yawo da fayil a Sakatariyar Tarayya har takalmina ya cinye, na dawo na shiga kasuwa. Yau ina loda tumatir da kabeji da karas zuwa Kudu, ina da yara 4 da ke aiki a ƙarƙashina. Jos ba garin da mai lafiya zai zauna yana jiran waya ba ne. Ga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, ga kayan gwari, ga Dilimi, ga Katako. Ku ajiye kwalin nan ku kama sana'a.

Malamin Bauchi Road: Alhaji, da wane jari? Kowa ya buɗe baki sai ya ce a kama sana'a, kamar sana'ar a bakin titi ake tsintar ta. Kai mahaifinka yana da rumfa a kasuwar kafin ka shiga, ko ba haka ba? Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwonsa gaya. Kuma ko duk mun koma kasuwa, wannan bai ba wani damar ya kira mutum daga Jos zuwa Abuja sau 3 ya watsar da shi ba. Maganar da ake yi ke nan.

Mai Tumatir, Farin Gada: Rumfar ƙanen babana ce, kuma shekara guda na yi ina ɗaukar kwando kafin ya yarda in taɓa kuɗi. Amma na karɓi gyara, ba kowa ke da wannan ba. Ni dai tsorona kada yaro ya ƙare ƙuruciyarsa a jiran gawon shanu.

Baba Ɗan Fansho: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati. Lokacin da muka gama karatu a ƙarshen shekarun 1970, ma'aikatu da kamfanoni ne ke bin ɗalibai har makaranta. Ban kawo wannan don in ce mun fi ku ba, ƙasar ce ta canja, musamman daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, aka fara rufe ƙofar ɗaukar aiki ana rage ma'aikata. Abin da nake so ku sani shi ne, a lokacin akwai wasiƙar ban-haƙuri. Akawu zai buga ta da tafireta, a sa hannu, a manna kan sarki, ta yi mako biyu a hanya ta iso akwatin gidan waya. Ni da hannuna na sa wa irinta hannu ba adadi. Mai gidana na farko a ofis yakan ce mana wanda ya wanke riga ya zo gabanka baƙonka ne, ba a barin baƙo a zaure a shige cikin gida. Yau saƙo kyauta ne, cikin ƙiftawar ido yake isa, amma shi ne ya gagara. Ba kayan aiki aka rasa ba, ɗana. Ganin girman mai nema aka daina, saboda an san in ya tafi akwai dubu a bayansa.

Ƙanwa daga Unguwar Rogo: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni kuma ina so in taɓo ɗaya ɓangaren, domin shirun nan shi ne ke jefa mu hannun macuta. Bayan na yi wata 8 babu wanda ya amsa mini, sai ga wani ya kira, ya ce shi dillalin aiki ne, ya ga takarduna, akwai gurbi a wani asibiti a Abuja. Yana ɗaukar waya, yana kira da kansa, yana tambayar lafiyar iyayena. Wallahi daɗin a ce yau wani ya amsa mini ne ya rufe mini ido. Ya ce in turo naira 15,000 kuɗin gwajin lafiya, da lambar katin ɗan ƙasa ta NIN da hoton takarduna. Na tura. Ya ce saura 20,000 na kayan aiki, nan jikina ya ba ni, na ce sai na ga takardar ɗauka. Tun ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Wani kuma na gaske ne, ofishinsa na nan, amma bayan intabiyu ya ce in same shi a otal da yamma mu ƙarasa magana. Ban je ba, ban kuma sake ji daga gare su ba. A gida ban faɗa wa kowa ba sai yayata, don in Baba ya ji, neman aikin gaba ɗaya zai hana ni. Mata da yawa a zauren nan sun san abin da nake faɗa, ba sa iya rubutawa ne kawai.

Anti 'yar Kubwa: Ƙanwata, kin yi daidai da ba ki je ba, kuma kin yi jarumta da kika faɗa. Ku riƙe wannan: duk wurin aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai nema, kuma ba a intabiyu a ɗakin otal. In gwajin lafiya ne, bayan takardar ɗauka yake zuwa.

Barista: Bari in ƙara a kan maganar Anti. Kamfanin da ke dillancin ma'aikata a Najeriya doka ta ce sai ya sami lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuna da damar ku ce a nuna muku. Sunan kamfani kuma ana iya duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kafin ku kashe kuɗin mota. NIN da lambar banki ta BVN ba abin turawa ba ne tun ba a ɗauke ka ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar da aka kafa a kanta, ana iya kai mata ƙorafi idan an yi wasa da bayananka. Ƙanwata, in har kina da shaidar tura kuɗin, ki je bankinki ki shigar da ƙorafi a rubuce, asusun da kuɗin ya shiga yana da suna.

Amma game da tambayar Ɗan Gangare, gaskiya mai ɗaci ce. Kafin a ba ka takardar ɗauka babu yarjejeniya tsakaninku, don haka babu ƙarar da zan shigar maka saboda an ƙi amsa imel. Haƙƙi ne na mutunci, ba na kotu ba.

Ɗan Nasarawa: Duk wannan na kamfanoni ne. Na gwamnati fa? A 2014, ranar 15 ga Maris, aka tara matasa a filayen wasa a faɗin ƙasar nan don jarabawar shiga hukumar shige da fice. Sama da mutum rabin miliyan suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsi, har da babban filin wasa na Abuja. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatu, ɗan jiharmu ta Filato Yusuf Gagdi ne ya shugabance shi, duk mun ga zaman a talabijin. Shi ya sa in an buɗe shafin neman aikin gwamnati mutane ke cikewa ba da wani sa rai ba. Mu kuma a nan akwai ƙarin tuntuɓe, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. An haife ka a Jos, an haifi babanka a Jos, amma in aka zo wannan layin a fom sai ka tsaya kana tunani.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Nasarawa, maganar takardar asali gaskiya ce kuma tana da nauyi, amma ta cancanci zamanta daban. In muka buɗe ta a nan za ta cinye wannan. A ci gaba da batun da ake kai.

Malamin Bauchi Road: Abin da ke ƙona mini rai kuma shi ne shekaru. Talla za ta ce kada ka wuce 26 ko 27, kuma ana son gogewar shekara 3. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙara jiran kiran bautar ƙasa, ƙara shekarar bautar kanta. Yaron talaka da ya yi jami'ar gwamnati yaushe zai cika wannan sharaɗi? Duk watan da aka riƙe mutum da shiru, daga cikin 'yan shekarun da suka rage masa ake yanka. Sannan a ƙididdiga a ce ba mu da matsala. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 aka canja ma'auni, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, adadin ya koma kashi 4.1.

Baba Ɗan Fansho: Ɗan Gangare, ɗana, shawara ɗaya. Ka je ka zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata duk yadda ake ciki, har da cewa ba sa ɗaukar waya. Tambayar da take maka kullum, ita ma nauyin take ɗauke da shi. Kuma ka koma makarantar nan da ƙafarka ka ba su haƙuri, ko ba su da gurbi yanzu.

Anti 'yar Kubwa: Ni kuma ga tawa. Ka rubuta saƙo na ƙarshe, gajere. Kada ka tura wa matar kaɗai, ka haɗa da shugabar sashen kuɗin da ta yi maka intabiyu, in kana da adireshinta. Ka gode musu, ka ambaci ranar da ka zo, ka ce akwai wata dama a gabanka kuma kana buƙatar sanin matsayinka kafin ranar Juma'a, ko wane iri ne. Ba roƙo, ba faɗa. Sa rana yana da amfani, domin yana ba wadda ke ƙasa hujjar shiga ofishin oga ta ce a ba ta amsa. In Juma'a ta wuce shiru, ka ɗauka a'a ce ka rufe littafin. Nan gaba kuma duk wanda ya kira ka daga nesa, ka tambaya ko zagayen farko zai yiwu ta Zoom ko ta waya, ka kuma tambaya ko suna mayar da kuɗin mota. Wasu suna yi, ba sa faɗa sai an tambaya. Mu 'yan Arewa kunya tana cutar da mu a nan, muna ganin tambaya rashin ladabi ce.

Ƙanwa daga Unguwar Rogo: Anti, ni ina tsoron in na tambayi kuɗin mota su ce na cika son kuɗi su cire ni.

Anti 'yar Kubwa: Yana iya faruwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a shekara 9 ban taɓa ganin an cire wanda ake so don ya yi tambaya cikin ladabi ba. Ni ma na ɗauki alkawari a gaban zauren nan, akwai mutum 4 da muka yi wa intabiyu watan jiya suna jira, gobe da safe zan rubuta musu ko da oga bai so ba.

Ɗan Gangare: Jama'a, na dawo da bayani. Na tura saƙon ranar Litinin kamar yadda Anti ta tsara. Jiya Laraba da yamma shugabar sashen kuɗin ta amsa da kanta, layi uku. Ta ce an dakatar da gurbin tun mako 3 bayan zuwana na ƙarshe, ta ɗauka an sanar da ni, ta ba da haƙuri. Wato mako 8 na yi ina jiran kujerar da babu ita. Na karanta wa Mama, ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi ta ɗora tukunya. Daren jiya na yi barci har aka kira asuba ban farka a tsakiya na duba waya ba.

Makarantar na je, sun riga sun ɗauki wani, amma shugaban ya karɓi lambata saboda zango mai zuwa. Adashin Mama nake so in fara mayarwa. Alhaji Mai Tumatir, in akwai mai buƙatar wanda zai riƙe masa lissafin kaya da na bashi a wajenku, ko na wucin gadi ne, ina so.

Mai Tumatir, Farin Gada: Akwai. Mu 3 ne muke loda mota tare, lissafinmu a kai yake da bayan kwali, duk mako sai mun yi gardama. Ba albashin Abuja ba ne, amma duk Asabar za ka ga kuɗinka a hannu. Ka zo jibi ƙarfe 6 na safe, ta inda motoci ke sauke kabeji, ka tambayi rumfarmu. Ka taho da littafi da biro, ka kuma sa rigar sanyi.